Jinin Ɗayyabu a Katin Musbahu

Ni ce Ladidi mai shinkafa da wake, wadda ke zaune ta hannun hagu idan ka fito daga kamfanin biskit a Sharada. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don har yanzu ƙanena yana neman abinci a cikinsa, ni kuma ina sayar da nawa a bakin ƙofarsa. Ƙanen nawa shi ne Musbahu. Muna da auta, Safiyatu, tana auren wani Ɗayyabu, wanda tun kafin ya zama surukinmu abokin Musbahu ne.

A kamfanin nan akwai masu kati, akwai 'yan kashuwal. Mai kati ma'aikaci ne na dindindin, hotonsa a rataye a wuya. Ɗan kashuwal kuwa kullum da safe yake tsayawa a bakin get, idan an nuna shi da yatsa ya shiga, idan ba a nuna shi ba ya zo bencina ya zauna yana kallon tukunya. Musbahu mai kati ne, Ɗayyabu ɗan kashuwal.

To akwai abin da suke kira hawa kati. Idan mai kati yana da biki a ƙauye, ko jikinsa ya mutu, sai ya cire katin ya rataya wa wani, wancan ya shiga ya yi aikin da sunansa. A ciki kowa da hular leda a ka, da takunkumi a fuska, da farar riga, uwar mutum ma sai ta yi da gaske za ta gane ɗanta. Hoton da ke katin Musbahu kuwa zufa ta gama da shi, kunnuwa kawai suka rage. Sufabaiza ya sani, amma shi dai injin ya yi ta juyawa. Manaja ne bai sani ba, kuma ranar da ya kama wasu mutum biyu bara, korarsu ya yi, ko hular ledar bai bar su sun fita da ita ba. Ɗayyabu ya hau katin Musbahu har ta kai idan aka ƙwala kiran Musbahu a cikin kamfani, shi yake fara waiwayawa.

Rannan aka ce za a ɗibi jinin duk masu kati, wai dole ne a riƙa duba lafiyar masu taɓa abin da mutane ke ci. Nan Musbahu ya shiga uku. Yana yaro ya yi ciwon shawara, idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, Innarmu ta ja kunnensa ta ce mai shawara ba ya allura. Shawara ta warke, Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, maganar kuma ta zauna daram. Ƙato ne mai gemu, yana ɗaga buhun fulawa kamar filo, amma idan ya ga sirinji a yashe a ƙasa sai ya zagaya.

Abin da ya wakana tsakaninsa da Ɗayyabu ban ji da kunnena ba, daga baya ya maimaita mini.

"Gobe ka hau mini."

"Aikin safe ko na yamma?"

"Jini."

"Nawa za su ɗiba?"

"An ce bai kai cokali ba."

Ɗayyabu ya ce, "To ai ya fi buhu sauƙi."

Ya sa hular leda, ya sa takunkumi, ya bi layi, ya miƙa hannu. Ya fito da 'yar auduga a gwiwar hannu, ya mayar wa Musbahu katinsa, suka ci shinkafa.

Bayan 'yan kwanaki Sista, ma'aikaciyar jinyar kamfani, ta kira Musbahu ɗakinta ta rufe ƙofa. Ta ce an ga ƙwayar cutar hanta a jininsa, irin wadda ake kira B. Ta ce kada ya tayar da hankalinsa, ba za a kore shi ba, ba a ɗaukar ta a abinci, amma ya je babban asibiti a duba shi sosai. Duk wannan bayanin kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Musbahu, hanta. Da ya fito, maimakon ya kama bakinsa, sai ya tsaya wurin Kamilu mai gadi ya tambaye shi ko ya san wani abu wai shi ciwon hanta na B. Kafin a tashi aiki labari ya riga shi fitowa get.

Musbahu ya samu Ɗayyabu a bayan masallaci yana alwala.

"Jininka ne fa."

Ɗayyabu ya gama wanke ƙafa, ya ajiye buta. "Da sunan wa aka ɗiba?"

"Nawa."

"Wa Sista ta kira?"

"Ni."

"To."

"To me? Hannunka aka soka."

"Watan da na yi maka aikin yamma aka ba ka shaidar ƙwazo, ka zo ka ce tawa ce? Tana nan a bangon ɗakinka, har da gilashi. Abin da ya fito a kati na mai kati ne, Musbahu. Ba ni na kafa dokar ba."

Ya wuce ya bi sahu. Musbahu ya ce a ranar bai san raka'a nawa ya yi ba.

Ni duk ban san da wannan ba. Abin da na sani shi ne ƙanena yana da ciwon hanta, kuma na yi kuka a kan murhu har wata ta ce hayaƙi ne, na ce mata ba hayaƙi ba ne. A bencina ma'aikata haɗa kuɗi suke yi in zuba musu a tire ɗaya su sa hannu. Washegari Musbahu na zama, tiren ya watse. Mutanen suka kwashi cokulansu, suka koma tiren Ɗayyabu suka cika shi. Dole na ware wa Musbahu wani kwano mai jan baki, da cokali mai zare a wutsiya, don kasuwata ta fara rawa. Ɗayyabu da kansa ya ɗan ja benci baya, ya ce kiyayewa ta fi.

Daga nan magani ya fara zuwa ta ko'ina. Kamilu mai gadi ya turo odiyo ta wasap, wani mai kiran kansa dokta yana cewa a dafa ganye kala bakwai a sha har sai fitsari ya canza launi. Wani odiyon ya ce a daina mai, a daina gishiri, a daina ƙwai da nama. Wani ya ce a yawaita ƙwai. Wani kuma ya buɗe da ta'aziyya, ya ce duk wanda aka samu da ita ya fara neman gafarar jama'a. Mai kemis na kwanar titi ya ce yana da wata ƙwaya ta Indiya, amma sai ya yi oda. Ga mai motar nan da lasifika da ke fakawa gefena duk yamma, wanda kwalbarsa ɗaya ke maganin hanta, da maƙoƙo, da basir, da sanyi, da rashin kasuwa.

Kwalbar nan na san ta, na sha guda nawa. Shekarun baya na yi wata irin rama. Zufa ko da sanyi, zuciya na dukan uku-uku ina zaune, hannu na rawa har in zubar da miya a kan kwastoma, ga faɗa da kowa. Faɗan dai wasu sun ce dama can akwai shi. Sai wuyana ya fara kumburi. Aka ce aljanu ne, aka turara ni har mayafina ya koma warin gasasshen kifi. Aka ce sammun mai taliyar da ke gefena ne, na yi wata ban gaishe ta ba, baiwar Allah ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Wani ya zo da aska zai tsaga mini wuya. Ranar da na faɗi a gefen tukunya aka kwashe ni sai asibitin gwamnati, wata likita mai suna Zulaihat ta sa aka auna jinina. Ta ce wani ɗan nama ne a maƙogwaro yake aiki fiye da ƙima, kamar injin da aka manta ba a kashe ba. Ta ɗora ni a kan ƙwaya, ta ce in riƙa dawowa ana auna ni. Zufa ta tsaya, hannu ya tsaya, na koma na ba mai taliya haƙuri. Tun daga nan duk wanda ya ce ya san ciwona sai in tambaye shi a ina ya gan ni.

Amma da abin ya zo kan ƙanena, tsoro ya sa na ɗan bi odiyo. Na hana shi mai, na hana shi nama. Ya fara ramewa, rabi don damuwa, rabi don gayan shinkafa. Naman da nake ware masa kuwa, tunda ba a zubarwa, Ɗayyabu ke cinyewa, har kumatunsa suka fara sheƙi.

Safiyatu tana ɗauke da cikin fari, kuma ya tsufa. Ita ma odiyon ya kai gare ta. Kullum sai ta dafa ganye ta cika jarka ta ba mijinta ya kawo wa yayanta. Ta haɗa da saƙo, wai don Allah Yaya Musbahu ya yi haƙuri, kada ya zo gidan sai ta sauka lafiya, saboda abin da ke cikinta. Ɗayyabu ya isar da saƙon kalma ba ragi, ya miƙa jarka. Musbahu ya karɓa, ya buɗe, ya miƙa masa.

"Sha."

"Ba ni aka dafa wa ba."

Kwatar bayan masallaci ita ta riƙa shanyewa.

Lokacin hutu Musbahu sai ya ware a ƙarshen benci da kwanonsa mai jan baki yana latsa waya. Yana neman bayanin ciwon da ba shi da shi, don ya shawo kan mai shi. Turancinsa na sakandare ne, kalmomin kuwa na likitoci. Wani shafin ya ce ba komai ba ne, wani ya nuna hoton mutum da ciki kamar randa. Waɗanda suka yi bayani da Hausa tiryan-tiryan, idan ka kai ƙarshe sai ka tarar da lambar waya da lambar asusu. Na ga yana rufe wayar yana kallon ƙasa, raina ya ɓaci, na ce ya isa haka.

Ranar komawata wurin Likita Zulaihat na ce ya nemi izini ya raka ni. Ya fara kame-kame. Na ce ba tambayarsa nake ba, ya shiga keke.

Ta duba wuyana, ta ji bugun hannuna, ta ce in ci gaba da ƙwayata yadda nake sha. Sannan na ce, "Likita, ga ƙanena, an ce yana da ciwon hanta. Mun ji magana kala-kala har kanmu ya yi zafi. Ku faɗa mana wacce ce gaskiya."

Ta ce ita ɓangarenta maƙoƙo ne, akwai masu duba hanta a wani ɗakin, kuma can za ta tura shi. Amma ta juyo da kujerarta ta fuskance shi. Ta ce mutane da yawa suna yawo da ƙwayar cutar nan ba su sani ba, garau da su, wasu tun suna jarirai suka samu. Ba a ɗauka a kwano, ko cokali, ko musabaha, ko zufa. Ta jini ake ɗauka, da auratayya, da wajen haihuwa. Ba kowa ne ma yake buƙatar magani nan take ba, wani sa ido kawai ake yi, ana auna jini ana ɗaukar hoton hanta lokaci-lokaci, wani kuma a ɗora shi a kan ƙwaya. Da yawa suna tsufa da ita har su ga jikoki. Wanda ya ƙi zuwa a duba shi ne take yi wa ɓarna a ɓoye. Jiƙe-jiƙen nan kuwa, ta ce, hantar ce ke wahalar tace su, don haka a bar ta ta huta.

Na ce, "Mai da nama fa?"

Ta kalli ƙasusuwan wuyan Musbahu. "Ku ba shi abinci, Hajiya."

Ta tambaya ko yana da aure. Na ce a'a.

"To da sauƙi. Da yana da mata, ita ce ta farko da za mu auna."

Musbahu ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, a misali. Idan da yana da matar. Kuma a misali tana da ciki."

"Sai a auna ta tun kafin ta haihu. Idan ba ta da ita, a yi mata rigakafi. Idan tana da ita, akwai abin da ake yi don kare ɗan. Ko ma yaya ne, a haihu a asibiti, a yi wa jariri allurar rigakafi ranar da ya zo duniya, kafin ya kwana. Jariri idan ya ɗauka, yawanci da ita zai rayu. Wannan kam ba a yi masa jinkiri."

Na ga zufa tana bin gemun Musbahu. Likita ta ce tunda ya zo, ya je ɗakin gwaji a sake ɗibar jini a tabbatar. Sai ƙaton nan ya cusa hannayensa biyu a hammata, kamar mai jin sanyi.

"Ba jinina ba ne."

Ya kwashe labari kaf ya faɗa, tun daga hular leda har kwatar bayan masallaci. Ina zaune ina jin kunnuwana suna zafi. Na tuna kukan da na yi a kan murhu. Na tuna Safiyatu da tulelen ciki tana hura wuta tana dafa ganye, tana korar yayanta daga gida, tana kwana ɗaki ɗaya da mai jinin, kuma ta riga ta yi magana da ungozomar unguwarsu za ta haihu a gida. Na dubi takalmina kamar in cire in kwaɗa masa, na dubi likita, na fasa.

Ita kuwa ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Ni ba ruwana da kamfaninku, ba kuma wanda zai ji daga bakina. Amma ban iya duba hantar kati ba. Ku kawo mini mai jinin, da matarsa."

Da yamma na gama sayarwa, ina kankare tukunya, na aika aka kira mini Ɗayyabu. Ya zo da fara'arsa, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Yaya Ladidi, an ce kina nemana."

"Zauna. Musbahu ya faɗa mini."

Fara'ar ta ɗauke, amma bai daburce ba. Ya fara karanto mini dokar kati, wai abin da ya fito a kati na mai kati ne. Na bar shi ya kai aya. Sannan na ajiye soson ƙarfe na ce, "Cikin da ke jikin Safiyatu, na wane kati ne?"

Mai motar lasifika yana gefe yana lissafa cututtuka, ya zo kan hanta, ya wuce zuwa basir. Na faɗa wa Ɗayyabu abin da likita ta ce game da matar da jaririn, ban ƙara ba ban rage ba.

Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Babanmu haka ya tafi. A ƙauyenmu, gaban Gumel. Cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, aka ce sammu ne. Tsakanin shuka da girbi aka gama. Ni na riƙa juya shi." Ya murza tafin hannunsa a gwiwa. "Muddin sunan Musbahu ne, Yaya, ni lafiyata ƙalau. Ina ɗaukar buhu, ina cin abinci. Ranar da na je aka kira sunana, shi ke nan na zama Baba."

Na zo da niyyar in wanke shi tas, sai tausayi ya kama ni har na rasa inda zan sa fushin. Ashe duk rainin hankalin nan tsoro ne. Na ce masa likita ta ce da yawa suna tsufa da ita, idan ana duba su. Na ce mahaifinsa babu wanda ya auna shi, shi kuma ga dama ta zo.

"Kowa da abin da yake faɗa," in ji shi. "Wannan ya ce ganye, wancan ya ce mutuwa, wani ya ce ƙwayar Indiya. Me zai sa in ɗauki na likitarki?"

"Don duk cikinsu ita kaɗai ta ce ba ta sani ba sai ta ga jininka. Sauran tun daga nesa suka sani. Kuma ba ta miƙo mini kwalba ba."

Ya dubi ruwan wanke-wanke yana gangarawa kwata. Sai ya ɗago, har da ɗan murmushin wanda ya samu ƙofar fita.

"Na ji. Ranar da Musbahu ya miƙa hannunsa aka soka, ni ma zan miƙa."

Musbahu yana bayan rumfa yana jin mu, ni na ce ya tsaya a can. Ya fito fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa. Ya ce, "Gobe."

Na ce wa Ɗayyabu ya je gida ya faɗa wa matarsa da bakinsa, idan kuwa na riga shi, da nawa bakin za ta ji, kuma ya san bakina.

Da safe Safiyatu ta sauko daga keke a ƙofar asibiti tana dafe da ƙugu, mijinta na biye da ita riƙe da jakarta, abin da bai taɓa yi ba. Idanunta sun kumbura. Ta gaishe ni, ba ta kalli Ɗayyabu ba. Ta tsaya gaban Musbahu.

"Yaya, duk ganyen nan da na dafa?"

"Kwata ta sha."

"Na ce kada ka zo gidana."

"Kin faɗa."

Ta sa gefen hijabi ta rufe fuska. Ya ce mata ta bari, mutane na kallo.

A ɗakin gwaji Musbahu ne ya fara zama. Ya ba ni wayarsa, ya faɗa mini lambar buɗe ta. Ya ce idan ya yi wa wani laifi a cikinmu, mu yafe masa. Ya naɗe hannun riga, ya runtse ido, ya kama salati da ƙarfi har wata tsohuwa a layi ta taya shi. Yana tsakiyar salatin mai gwajin ta ce, "Malam, danne audugar." Ya buɗe ido ɗaya. Ya miƙe ya ce ashe ma ba komai ba ne, ya yi taku biyu, ya zauna a ƙasa dirshan. Aka ba shi ruwan leda.

Safiyatu ta miƙa nata hannun tana kallon bango. Sai aka zo kan Ɗayyabu. Mai gwajin ta ɗauki 'yar kwalba da biro, ba ta ko ɗago ba.

"Suna?"

"Mus..."

Safiyatu ta juyo ta dube shi, karo na farko tun safe.

Ya ce, "Ɗayyabu. Ɗayyabu Inuwa."

Ya miƙa hannun nan dai na dama, wanda ya miƙa a kamfani.

Sakamako bai zo da wani abin mamaki ba. Ɗayyabu yana da ita. Likitan hanta ya sa aka yi masa sikanin da ƙarin gwaji, ya ce hantar ba ta taɓu ba tukuna, ya riƙa zuwa ana dubawa, kuma ya gaya wa 'yan uwansa na ƙauye su ma a auna su. Safiyatu ba ta ɗauka ba, aka fara mata rigakafi. Musbahu jininsa fes, saboda haka ladansa shi ne allurar rigakafi har uku, a rarrabe, don ya samu lokacin yin fargabar kowacce. A asibiti Safiyatu ta haihu, mace, aka sa mata Mubina. An yi mata tata allurar kafin ta kwana, ta yi ɗan kuka ta koma barci. Kawunta yana waje a lokacin, wai ya je duba keke.

A Sharada kuwa ba abin da ya canza. Musbahu bai gaya wa kowa ba, don idan ya ce ba shi ba ne sai an tambayi wane ne, daga nan kuma sai maganar kati, sai manaja. Na yi ta faɗa wa mutanen bencina cewa ba a ɗauka a kwano, suka ce odiyo ya ce ana ɗauka, kuma mai odiyon dokta ne. Na ɓoye kwano mai jan baki, suka tambaye ni ina yake, dole na fito da shi. Musbahu ya ci gaba da zama a ƙarshen benci, da cokalinsa mai zare, yana ɗauke da ciwon wani da sunansa. Na ce masa abin yana ci mini rai. Ya ce in bar shi, ai Ɗayyabu ya sha hawa masa.

Bayan suna Ɗayyabu ya dawo bakin get. Da rana na zuba wa mutanensa a tire, suka matsa masa wuri, har da miƙo masa cokali. Ya tsaya yana kallon tiren. Sai ya wuce su, ya je ƙarshen benci, ya zauna jikin Musbahu, ya wanke hannu, ya sa a cikin kwano mai jan baki.

Kamilu mai gadi ya tsaya da loma a hannu. "Kai Ɗayyabu! Ba ka son ranka? Ga jaririya a gida!"

Ɗayyabu ya kai loma, ya tauna, ya haɗiye.

"Likita ya ce ba a ɗauka a kwano."

"Wane likitan?"

"Na hanta."

"Kai kuma me ya haɗa ka da likitan hanta?"

"Nawa ne," in ji Ɗayyabu. "Ni yake dubawa."

Musbahu bai ɗago ba, ya dai tura masa tsokar naman zuwa gefensa. Ɗayyabu ya turo ta ta dawo.

Na ɗauki ludayi na ƙara musu wake.